Fuseina, Mma ta ce sai ta yi azumi

Zuwa ga ƙawata, Dakta Fuseina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya ke da maigidan, ina kuma yi miki sannu da sanyin Kanada. Sau uku na kira ki a makon nan ba ki ɗauka ba. Na san aiki ne, shi ya sa na rubuta a nan dandalin sada zumunta inda kike leƙawa. Kada ki ce na tona asirin mara lafiya, Mma da bakinta take ba da labarin sugarta a kowane gidan suna na unguwar Maamobi.

Saura kwana tara a ga wata, kuma mahaifiyarki ta ce sai ta yi azumi. Kin san allura biyu take yi a rana, ga ƙodarta ta fara gajiya. Na zaunar da ita na ce bana ta haƙura, ta ciyar. Na kawo limamin layinku ya faɗa mata addini ya yarda. Ta saurare mu har ƙarshe, ta gyara mayafi, ta ce, "Sai likitata ta faɗa."

Likitarta ke ce. Ni kuwa, in ta yi baƙi, cewa take, "Ga Lariba, yarinyar nan mai auna ni."

Fuseina, kishinki nake yi. Na faɗa, kowa ya ji.

A barandar Mma muka yi karatu tun muna sakandare, tana zubo mana waakye, shinkafa da wake, a leda ɗaya. Tare muka gama makarantar likitanci, tare muka cike takardun neman horon ƙwarewa a waje, har ni na gyara miki wasiƙarki. Aka ɗauke ki, ni aka ce in sake gwadawa. Ranar walimarki babu wadda ta kai ni guɗa. Da na koma gida, tuwon da aka ajiye mini haka ya kwana a rufe.

Abin da ke ci mini rai shi ne abu ɗaya muke koyo. Ke shekara ta biyu a horon likitan iyali, ni ma haka. Da safe in ga jariri mai zazzaɓi, in ga mai ciki, in ga tsoho ɗan dako da hawan jini, malamina na zaune a bayana yana rubuta kurakuraina. Da yamma in hau motar haya ta trotro zuwa unguwar Kawukudi, in tsallake kwata in shiga gidajen waɗanda ba sa iya fitowa. Amma in matan unguwar Nima suka tambaye ni likitar me nake zama na ce ta iyali, sai su ce, "Ayyo, ba ki samu na zuciya ba ne?" Ke kuma babu mai tambayar ko ta mece ce. Fuseina likita ce a Turai, magana ta ƙare.

Ni nake duba tafin ƙafar Mma kowace Asabar. Ni nake yanke mata farce don kada ta ji ciwo. Ni na san tana ɓoye alewa a cikin kwanon goro. In na gama sai ta sa mini albarka, sannan ta ce in tura miki sakamakon ki duba ko na yi daidai.

Yanzu ga abin da nake jin kunyarsa. Mako uku ke nan da ta faɗi wannan magana, kuma sai makon nan na neme ki. Da gangan na yi shiru. So nake ko sau ɗaya ta karɓi magana daga bakina, in ji ni ma likita ce a gidan nan. Ranar Litinin ta ɗauki azumin nafila don ta gwada ƙarfinta, ba ta gaya wa kowa ba. Kafin la'asar maƙwabciyarku Hajiya Adiza ta kira ni. Na tarar da Mma a kan tabarma, sugarta ta yi ƙasa sosai, gumi ya jiƙa ta sharkaf, tana kallona ba ta gane ni ba. Na goga mata zuma a dasashi, na kuma san da hannuna a cikin abin.

Ta farfaɗo, alhamdu lillahi. Har yanzu tana kan bakanta.

Don haka na sauke girman kai, ƙawata. Ki kira ta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kiran da za ta ga fuskarki. Ki sa farar rigarki ta asibiti. Na tura miki duk abin da za ki faɗa da yadda na tsara allurarta, ki karanta mata kamar daga kanki ya fito, kada ki ambaci sunana. Ni zan riƙe mata wayar, don hannunta bai gama komawa daidai ba. Zan tsaya ta baya yadda ba zan fito a hoton ba.

Allah ya ba Mma lafiya, ya nuna mata azumi masu yawa ko da ba ta ɗauke su ba. Allah ya ba ki sa'ar jarrabawarki. Ni kuma Allah ya wanke mini zuciya, don har yanzu da nake wannan rubutu kishin bai sake ni ba.

Taki har kullum,
Lariba