Sabuwar Waƙar Su Yaya Nura

Laraba da dare, Dengfeng

Yau Yaya Nura ya turo mini sabuwar waƙar ƙungiyarsu daga Kano. Da ƙyar na gane muryarsa. A da hip hop suke yi a soron gidanmu, magana ratata kamar masu faɗa, ni kuma ina yi musu amshi daga bayan ƙofa don ina jin kunyar abokansa. Yanzu sun sa kalangu da gurmi, yana rerawa a hankali kamar waƙar biki. Kuma wata ce take yin amshin.

Na kai iyafis ɗina gyara shagon waya na ƙasan benenmu. Laoban, mai shagon, ya ji waƙar da yake gwadawa. Sai ya nuna mini tsohon bidiyonsa, gashinsa kore a tsaye, yana ihu da jita. Wai punk sunan kiɗan. Da ɗan Turancinsa ya ce shi da abokan kiɗansa da suka girma ragewa suka yi ta yi, ihun ya tafi, ganga ta tafi, saura jita ɗaya. "Su yayanki kuwa ƙari suke yi," in ji shi.

Ai su ma sun rage. Ni suka rage.

Yaya ya rubuto, "Autar Mama, ya kika ji?" Na shiga banɗaki na naɗi amshin da muryata, ƙasa-ƙasa kada Baba ya ji, na tura masa. Na ga ya saurara. Har yanzu ina ta duba wayar.