Hanyar Gidan Si Tahar

Sidi Bu Sa'id, watan Afrilu

Yaya Mufida,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da mai gidanki Si Munji da yara, da zafin Gafsa. Kar ki ce me ya hana ni buga waya. Kin san tarhon yana falo kusa da kujerar Baba, kuma kunnensa ya fi na kyanwa.

Wani abu ne ya ɗaure min kai. Kin san yadda Baba ya tsani 'yan yawon buɗe ido. Mutumin da ya taɓa watsa wa Bature ruwan wanki don ya jingina da ƙofarmu ana ɗaukarsa hoto! To, shekaranjiya ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa, maƙwabciyarmu Lalla Zuhra ta tare ni a lungu.

"Najiba, ashe Si Tahar ya samu aiki ba ku gaya mana ba?"

Na ce, "Wane aiki kuma?"

"Ke dai yi ta ɓoyewa. Kullum da hantsi ga shi nan a bayan matar nan mai rawayar laima, cikin Jamusawa, da jar dararsa, da furen yasmin a kunne kamar ango."

Matar sunanta Lalla Jalila, daga garin Marsa take zuwa. Ita ce mai zagayawa da baƙi a ƙafa. Tana tashi daga matakalar gahawa, wato gidan shan shayin nan da Baba yake zama, ta hau da su wajen hasumiyar fitilar jiragen ruwa, ta bi ta maƙabarta, ta gangaro lunguna, ta ƙare a ƙofarmu, wai babu mai tsofaffin ƙusoshi irin nata a garin.

Muna cin abinci na tambaye shi, "Baba, ina ka je yau?" Ya ce gahawa. Na ce daga nan fa? Ya ce, "Gida mana. Ko akwai wani wuri?" Sai ya ce in miƙo masa yajin harisa.

Yaya, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana raba wasiƙu a garin nan, me za a nuna masa a ciki? Ni dai na rasa gane kan zancen.

Ƙanwarki,
Najiba

*

Gafsa

Najiba,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya.

Ke kullum abu yana gabanki ba kya ganinsa. Ɗaya cikin biyu ne. Ko dai aure yake so, ko gidan ake so. Ni na fi zargin na biyu. A layinmu wa ya rage cikin 'yan gado? Mu da Lalla Zuhra. Sauran duk sun sayar wa masu hali, an mayar da gidajen masaukin baƙi da shagunan zane. Matar da take kai attajirai ƙofarmu kullum, kina ganin ƙusoshi take nuna musu?

In kuwa aure ne, shekara biyu kacal da rasuwar Ummi, ba zan ce komai ba sai na zo.

Ranar da ba ki da aji, ki bi su. Kada ki yi masa magana, ki sa ido kawai, ki rubuto min abin da kika gani, ba abin da kika ji a ranki ba.

Ki gaishe shi. Wassalam.

Mufida

*

Sidi Bu Sa'id

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na bi su ranar Asabar, kuma na dawo da ruɗani fiye da wanda na tafi da shi.

Na sa malafa da baƙin tabarau na shige cikin baƙin. Baba yana zaune a gahawa, ya gama shayinsa, amma bai tashi ba sai da laimar ta ɗaga. Ya bi su a can baya. Yaya, ko kallon matar bai yi ba, balle magana. In wannan ne neman aure, ban taɓa ganin irinsa ba. Ita ma ba ta ce masa komai ba, sai dai na lura duk kwanar da za a sha tana waiwayowa, sai ta gan shi sannan ta ci gaba. Maganar gida kuwa, babu wanda ya tambayi komai. Hotuna suka ɗauka, suka watse. Shi kuma ya ciro makulli ya shige abinsa.

Ga abin da ya tsaya min a rai. A gangaren maƙabarta na yi tuntuɓe, tabarau ya faɗi. Baba ne ya ɗauko ya miƙo min. Ya dube ni ido cikin ido, ya ce da Faransanci, "A yi a hankali, Madam, duwatsunmu suna da santsi."

Na ce shi ke nan, ya kama ni, shaƙiyanci yake min, kin san halinsa. Na yi dariya. Shi bai yi ba, ya wuce. Na jira ya tsokane ni a gida, har muka ci kuskus da kifi bai ce uffan ba. Na ce, "Baba, yau ka ga wata Madam a maƙabarta?" Ya ce, "Madam ai sun fi kyanwoyi yawa a garin nan." To wasa ne ko ba wasa ba?

Washegari na tare Lalla Jalila wajen mai suyar fanken bambaluni. Na ce, "Me kike nema wurin mahaifina?" Fuskarta ta canza. Ta ce, "'Yata, ba a titi ba." Na ce to a ina? Baƙinta suna jira, ta tafi. Ga adireshin ofishinsu na sa miki a ciki, ke kin fi ni iya faɗa.

Taki,
Najiba

*

Marsa, watan Mayu

Zuwa ga Lalla Mufida, 'yar Si Tahar,

Aminci ya tabbata a gare ki. Wasiƙarki ta iso, na karanta, ban kuma ji haushin kalamanki ba. Da mahaifina ne, da na rubuta abin da ya fi haka zafi. Ba na neman gidanku, ba na neman aure. Ina da miji, yana fama da ni ina fama da shi.

Na daɗe ina juya wannan magana, domin alkawari na ɗauka.

A cikin hunturun da ya wuce, wata safiya na hau da baƙi wajen hasumiya, na tarar da mahaifinku a tsaye shi kaɗai, iska tana kaɗa rigarsa. Na san shi, ya sha korar mu daga ƙofarsa. Ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Ke, wannan yawon naku a ina yake ƙarewa?" Na ce, "A ƙofarka mana, Si Tahar." Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya ce, "To, mu je."

Da muka isa, baƙi suka watse, ya riƙe ƙofar. Ya ce tun da sassafe ya fito gahawa kamar kullum, da ya tashi komawa sai lungunan suka zama iri ɗaya, farin bango, shuɗiyar ƙofa, farin bango, shuɗiyar ƙofa. Ya ce ba ranar ce ta farko ba. Fita ba ta ba shi wahala, ƙafarsa ta san gahawa. Dawowar ce. Kuma ya ce gara ya mutu da ya tambayi ɗan garin nan hanyar gidansa.

Ya ce, "Kar ki gaya wa 'ya'yana. Babbar za ta kai ni Gafsa, can ko ƙamshin teku babu."

Tun daga ranar nake ƙare zagayena a ƙofarku ko da baƙi sun so wani wuri. Wasu ranakun garau yake, har yakan gyara min sunan masu gida tun na kakanni. Wasu ranakun kuma ba ya sanin ni wace ce, laimar kawai yake bi.

Abin da ya sa na karya alkawari: ƙarshen watan nan za a yi min aiki a gwiwa, zan daɗe ban hau tudun nan ba. Wanda zai karɓe ni ta tashar jiragen ruwa yake ƙarewa, can ƙasa. Na kwana ina ganin Si Tahar yana bin su har can.

Ban sani ba ko shiruna ne kuskure, ko maganata. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ku haƙuri.

Jalila

*

Sidi Bu Sa'id

Yayata,

Sallama. Na ga saƙonki tare da wasiƙar Lalla Jalila da kika haɗo. A ɗakin malamai na karanta, sai da na shiga banɗaki na kulle.

Gida ɗaya muke kwana da shi, Yaya. Ni nake wanke masa riga. Yaya aka yi ban gani ba? Yanzu da nake tunani, gishirin da na samu a cikin firiji, da ranar da ya yi sallar la'asar sau biyu, duk na ce tsufa ne.

Kin ce kin gyara masa ɗaki, za ki zo ranar Juma'a ki tafi da shi, a ga likita a can. Na san ni ba na gida da rana, ke kuma kina da mutane. Da na karanta sai na ji sanyi a raina, daga baya kuma na ji kamar na sayar da shi.

Na gaya masa jiya da yamma, a soro, muna kallon teku. Na fara kame-kame, ya katse ni.

"Mai laima ta yi magana ke nan."

Na ce, "Gwiwarta ce, Baba."

"Na sani, ai ina ganin yadda take ɗingishi. Mace mai amana, ta yi ƙoƙari." Sai ya juyo gare ni. "Ranar Asabar ɗin nan da kike ta tambayata, ke ce Madam ɗin?"

Na ce ni ce.

Ya cire dararsa ya ɗora a gwiwa, ya yi ta shafa ta. Can sai ya shiga lissafo min gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya, da sunan mai kowane, da wanda yake da mugun kare, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya ce, "Wannan ne mara hankalin da za a ɗauke?" Da muka sauko kuma sai ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Wace ƙofa ce ɗakina?"

Wallahi ban san wanne ne Baba a cikinsu ba. In ya zauna, ina tsoron matakalan nan masu gangarawa teku. In ya tafi Gafsa, inda bai san ko lungu ɗaya ba, me zai rage masa? Lalla Zuhra ta ce za ta riƙa rako shi daga gahawa, ya ce shi ba akuya ba ne.

Ya karɓi takarda da alƙalami, ya ce shi zai rubuta miki da kansa. Ga ta nan a ciki.

Najiba

*

Da sunan Allah.

'Yata Mufida, Allah ya yi miki albarka, ke da mijinki da jikokina.

An ce Juma'a kina tafe. Ki zo, gidanku ne. Amma kada ki hau tasi. Ki shigo jirgin ƙasa na safe daga Tunis, ni zan tarye ki a tasha, in riƙe miki jaka, in kawo ki gida. Ke da ƙanwarki ku bi ni a baya, kada wadda ta buɗe baki ko ta nuna da hannu.

In na kawo ku ƙofa, ki kwana biyu ki koma, ki bar ni in mutu inda aka haife ni. In kuwa na ɓatar da ku, ba sai kin ce komai ba, ni zan ɗaure kayana.

Mahaifinki,
Tahar

Yaya, ni ce Najiba na ƙara a ƙasa, bayan kwana biyu, kafin in aika. Jiya mun gwada ni da shi, ya kawo mu gida. Yau ya kai mu ƙofar wani Bafaranshe. Sai kin zo. Ban ma san wacce addu'a zan yi ba.