Ranar da Aka Buɗe Dam

Dogo, ƙanena,

Sallama da fatan kana lafiya, kai da iyali. Direban motar agaji ne zai kawo maka wannan, tunda an rufe iyaka.

Shekara goma sha ɗaya kana kula da dam a ƙasarku, ina awon kogi a tamu, ba ka taɓa buɗe ƙofar ruwa ba ka kira ni ba. Ko da yaƙin nan ya ɓarke ba ka fasa ba, har ina yi maka tsiya cewa ka fi matata kirana. To, ranar Talata ruwa ya sauko mana babu sanarwa. Ya cinye unguwar bakin kogi, ya tafi da matar wani makaniki tana wanki.

Mutane sun cika min ofis da zagi. Na rantse musu cewa an yanke layi ne, ko kuma ka mutu. Don Allah, wanne ne?

Ka gaida gida.
Yayanka

Yaya,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Sau huɗu ina yaga takardar nan.

Layi lafiya lau yake, ni ma haka. Babu wanda ya hana ni kira. Da safen ranar aka kawo gawar ƙanin oganmu daga fagen daga, ma'aikata suka taru a ɗakin injin, ga wayar a kan teburi kusa da butar shayi. Na miƙa hannu, sai wani ya ce, "Abokan gaba za ka gaisar?" Wallahi, Yaya, butar na ɗauka. Na zuba shayi, na sha, na murɗa ƙofofin.

Ka yi rantsuwa a kaina, ka rantse a kan matsoraci. Kunya ta hana ni kallon 'ya'yana. Ka roƙar min gafarar mutumin nan, in da fuskar yin hakan.

Ƙaninka, in har ka yarda

Dogo,

Salamu alaikum. Na je garejin, na karanta wa makanikin wasiƙarka, na kuma janye rantsuwata a gaban mutane. Ban ji daɗinta ba, ba zan ɓoye maka ba.

Bai ce ya yafe ba. Ya goge hannu ya ce in gaya maka damina ba ta ƙare ba, kuma yaransa uku suna nan a gidansa na bakin kogi, ba shi da inda zai kai su. Ya ce ka riƙe haƙurinka, sanarwar awa shida kawai yake so kafin ka sake buɗewa.

Ka huta lafiya.
Yayanka