Dariyar Auta a Talabijin

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni dai lafiyar ke nan, irin ta uwar da ɗanta ke tsare.

Tun da maƙwabciyar ƙasa ta rufe iyaka ta kama direbobinmu, har da ɗana Dogo, ban san barci ba. Jiya kuma sai ga ka a talabijin, kai babban sakataren harkokin waje guda, ka riƙe hannun ministansu kana ta washe baki. Ni na goya ka, na san wannan ba dariyarka ba ce. To me ake yi wa dariya? Ka ɗaga waya a sako mini yaro.

Yayarka.

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa, wasiƙarki ta same ni.

Aikinmu zama ne. A shiga ɗaki, a ajiye ruwan sanyi a tebur, a yi ta magana har ya yi ɗumi. Wanda ya fara ɗaga murya shi ya faɗi, kuma da fara'ar nan nake hana su tashi daga kujera. Dogo yana lafiya, na tura an duba shi. Abin da ya wuce haka ba zan iya rubutawa ba. Ki yi mini haƙuri, ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki.

Auta,

Bayan gaisuwa, Dogo ya dawo tare da duk abokan aikinsa. Ya rame, amma bakin nan nasa yana nan.

Ya ce tun farko wani jami'in ƙasar da ta kama su ya same shi ya ce, "An gano ko kai ɗan wane ne, haɗa kayanka." Da yamma mutumin ya dawo yana sosa ƙeya: "Kawunka ya ce an gode, amma shi direbobi ya zo karɓa, ba ɗa ba."

Wallahi da kana kusa da na ja maka kunne. Sai Dogo ya ce, "Umma, da ya karɓe ni ni kaɗai, da sun rufe masa baki, sauran su ruɓe a can." Yau tun safe iyayen direbobin suka cika mini falo, wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana kuka tana sa maka albarka. Ni da na yi ta faɗa da kai a raina, sai ga ni ina cewa, "Ai ni na goya shi."

Ina alfahari da kai. Fushin ma bai gama sauka ba. Allah ya ƙara maka daraja.

Yayarka.

Yaya,

Ina gaisuwa, a gaishe mini da Dogo. Ranar da kika gan ni ina dariyar nan, ranar ce na ce musu a'a. Ina zuwa ranar Asabar da kunnen.

Autanki.