Amyoyin Kakanka

Ɗana Tudor,

Gaisuwa daga nan birnin Padova. Yaya Kaka da ƙafarta? Ni lafiya lau nake. Tsohuwar da nake jinya ba ta da nauyi sosai, bayana ne kawai ke ƙorafi.

Na ji ka faɗi jarrabawar shiga makarantar likita karo na uku. Kada ka ɗora wa malamai laifi. Kai da ke suma in an yanka ragon bikin Ista, wa ya ce ka yi likita? Ni ce, kuma na yi kuskure.

Amyoyin zuman marigayi kakanka duk sun tsallake sanyin bana a hannunka. Zauna ka yi tunani, ko kiwon zuma ne sana'arka. Ban yarda da karo na huɗu ba.

Allah ya yi maka albarka. Ka aiko mini da zuma a motar da ke zuwa nan ran Asabar.

Mahaifiyarka,
Parascovia