Na bar kamfanin su Yaya Sani

Garin Isa, Laraba da dare.

Barci ya ƙi zuwa. Alhaji, ubangidana, ya bar min zaɓen kamfanin da za shi kawo muna 'yan dako na wucin gadi a siton hatsi. Yau na sa hannu da na Sakkwato, don su ne ke kai mutum asibiti in buhu ya danne shi. Na bar ɗaya kamfanin, wanda mutanensa duk manoman ƙauyen Tsamaye ne waɗanda fari ya kore daga gona. Yaya Sani na cikinsu.

Da la'asar ya iske ni bakin sito. "Bello, to mu fa?"

Na ce, "Yaya, za ni ƙara yi ma Alhaji magana." Mu duka mun san an gama. Ya wuce tasha, ko gida bai biyo ba.

Tuwon mutum biyu na sa anka tuƙa. Ga shi nan a rufe.