Rasuwar Kawu Ubale, Mai Taskar Sirk ta Bani Malik

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji Maɗaukakin Sarki, Majalisar Dattawa da Kwamitin Gudanarwa na Ƙungiyar Masoya Wasan Sirk da Dabo ta Hausawan Jidda suna sanar da 'yan ƙungiya, da 'yan uwa mazauna unguwannin Ammariyya da Bani Malik da Waziriyya, da sauran masoyanmu na Sudan da Nijar da Chadi da Najeriya, cewa mun sami labarin rasuwar ubanmu, wanda ya kafa wannan ƙungiya kuma ya riƙe taskar kayan tarihinta har ƙarshen rayuwarsa, Alhaji Ubale Isha'aku, wanda babba da yaro suka fi sani da Kawu. Ya cika ranar Litinin da hantsi a wani asibiti a nan Jidda bayan gajeriyar jinya, aka yi masa sutura bayan sallar la'asar. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Wanda ya san marigayin ya san cewa ba zai yafe mana ba idan muka rubuta tarihinsa da ɗaurarriyar fuska, don haka muna neman afuwar masu karatu idan suka ji murmushi ya kufce musu a cikin saƙon ta'aziyya.

An haifi Alhaji Ubale a Maiwurno da ke bakin kogi a ƙasar Sudan. Yana saurayi ne ya fara ganin wasan sirk, wato wasannin alkafura da tafiya kan igiya da dabo da horar da dabbobi da ake yi a cikin babban tanti, lokacin da wata tawaga ta yada zango a Wad Madani. Yakan ce ya shiga tantin nan da niyyar kallo ɗaya, amma har ya tsufa bai gama fitowa ba. Bayan ya zo aikin Hajji ya sami kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo a kan takardun zama, ya zauna a Jidda yana tuƙa tirela zuwa Urdun da Sham, kuma duk garin da ya hango tanti sai ya sauke kayan mutane lafiya tukuna, sannan ya zagaya bayan tantin ya gaisa da ma'aikata, ya sha shayi da su, ya roƙi abin da suke shirin zubarwa. Abu na farko da ya zo da shi gida shi ne takalmin bahlawan, wato ɗan barkwancin cikin tanti, ƙafar hagu kaɗai, mai tsawon kamu uku, wanda har yau ba a sami ɗan'uwansa ba. Daga nan sai takardun talla masu zanen zakuna, da rigunan 'yan alkafura masu ƙyalƙyali, da guntun igiyar da aka yi tafiya a kanta, da kaset-kaset na bidiyo da ya cika bayan kujerar motarsa da su.

Waɗannan kaset ne suka haifi ƙungiyarmu. A shekarun da irin waɗannan wasanni ba su yawaita a gari ba, Kawu yakan buɗe majalisinsa, wato falon baƙi na gidansa na Ammariyya, ranar Alhamis bayan la'asar, ya kunna bidiyo, maza a gaba, mata da yara ta ƙofar ciki, shi kuma yana tsaye gefen talabijin yana fassara abin da kowa yake gani da idonsa. Da taron ya yi yawa sai shi da marigayi Malam Abdelkader na Damagaram, wanda mahaifinsa gardi ne mai wasa da kura da macizai, da Hajiya Salamatou ta Anjamena, wadda Allah Ya bar mana ita har yanzu, suka ba abin suna da tsari. Ba a yi nisa ba gardama ta tashi, wadda ta kusa raba ƙungiyar tun tana jaririya. Wani ɓangare ya dage cewa sirk na tanti ne kawai, don haka gangar gardawa da ƙwaryar 'yan dabo da sarƙar birin da Malam Abdelkader ya kawo ba su da gurbi a taska. Malam Abdelkader ya tattara kayansa ya ce shi da mutanensa sun fita. Kawu ya tare ƙofa da jikinsa, kuma jiki ne mai tare ƙofa, ya ce: “Malam, ajiye gangar nan. Ni ban san tanti ba, ban san fili ba. Duk wasan da zai sa yaro ya buɗe baki ya manta bai rufe ba, namu ne. Halas, magana ta ƙare.” Tun daga ranar taskarmu ta zama ɗaki biyu, ɗakin tanti da ɗakin gida, kuma masu ziyara sukan fi daɗewa a na biyun.

Ya kamata tarihi ya rubuta cewa wannan bawan Allah da ya ba wasan sirk rayuwarsa bai taɓa iya ko ɗaya daga cikin wasanninsa ba. Ya yi shekaru yana koyon jefa lemo sama yana cafewa, bai taɓa wuce biyu ba, na ukun kullum a kan wani baƙo yake sauka. Tsoron bisa kuwa, ko kujera ya hau don canza ƙwan lantarki sai an riƙe masa ita yana salati. Wannan ne ya sa abin da ya yi a shekarar da ruwan sama ya yi ɓarna a Jidda ya zama abin da ba ma gajiya da ba da labarinsa. A lokacin kayan sun fi ƙarfin gidansa, ƙungiya ta kama wani sito a Waziriyya. Da labari ya iso cewa ruwa ya shiga unguwar, Kawu ya riga kowa isa, ya tarar ruwa ya kai gwiwa yana ƙaruwa, kuma babu hanyar tsira da kayan sai ta wani tsanin ƙarfe mai lilo da ke hawa rufin ginin. Ya ɗora kwali a ka, ya rufe ido, ya hau. Ya sauko, ya sake ɗauka, ya sake hawa. Waɗanda suka iso daga baya suka yi layi suna miƙa masa, kuma sun shaida cewa bai daina addu'a da ƙarfi ba har aka kwashe abin da za a iya kwashewa. Da ruwa ya janye, saukowarsa ta ƙarshe sai da ƙarti huɗu suka taimaka, domin a lokacin ne ya buɗe ido ya ga inda yake.

An yi asara a wannan ruwa. Kaset da dama sun lalace, daga cikinsu har da wanda aka ɗauki muryar mahaifin Malam Abdelkader yana kirarin kura, kuma Kawu bai daina jin zafin wannan ba. Amma takardun talla da rigunan da suka jiƙe, matan unguwar ne suka karɓe su, suka ɗaure igiyoyin shanya daga taga zuwa taga, wasu suka bi su da dutsen guga a hankali. Gari ya waye mutanen Waziriyya suka ga layinsu cike da zakuna da giwaye da 'yan alkafura suna kaɗawa a iska. Yemenawa da Pakistanawa da Habashawa maƙwabta suka fito da 'ya'yansu, Kawu ya ɗaura rawaninsa ya bi igiya-igiya yana bayani da Hausa da Larabci da hannu. Wannan shi ne baje kolinmu na farko, ba mu shirya shi ba, kuma har yau ba mu yi wanda ya kai shi jama'a ba. Bayan haka ne ya rantse kayan ba za su ƙara kwana nesa da shi ba, ya mayar da su benen gidan da ya koma a Bani Malik, ya buɗe ƙofa ga yara kowace Juma'a bayan la'asar, da sharaɗin cewa duk abin da ba zai karye ba, a bar yaro ya taɓa.

Da zamani ya canza, tantuna suka fara sauka a Jidda a fili, Kawu ya zama mai kai musu ziyara da tulun shayi da gayyata. Ba za mu manta da wata dattijuwa mai horar da 'yan igiya ba, wadda ta zo da tawagarta daga wata ƙasa mai nisa, ta hau benenmu don ladabi kawai, sai ta tsaya gaban wata tsohuwar takardar talla mai tabon ruwa ta kasa motsi, domin yarinyar da aka zana a kan igiya mahaifiyarta ce. Kawu ya cire takardar daga bango ya naɗe ya miƙa mata, mu 'yan kwamiti muna ta yi masa ido. Da ta tafi ya ce mana: “Ku daina harara ta. Mun riƙe mata ajiya ne, mai ita ta zo.” A shekarunsa na ƙarshe ganinsa ya yi rauni ƙwarai, amma bai fasa zagayawa da baƙi ba, yana gane kowace riga da tafin hannunsa, wani lokaci kuma ya ƙara wa labarinta gishirin da babu shi a makon jiya.

Wajibi ne mu sanar da 'yan ƙungiya abin da ya faru game da makomar taskar, domin mun san tambayar tana zukatan mutane ko da kunya ta hana a furta. Kayan nan Kawu ne ya tara mafi yawansu, a gidansa suke, don haka a shari'a haƙƙin magada ne. Sanannen abu ne kuma cewa uwarmu, matar marigayin, Hajiya Rabi'a, ta yi shekaru tana faɗa a gaban kowa cewa ranar da ta sami iko motar shara za ta kira, ta karɓi benenta. Saboda haka da aka tashi daga zaman makoki na rana ta uku, kwamiti ya je da mota da kwalaye, da niyyar roƙon magada su ba mu aron kayan mu nema musu wani wuri, mu sauƙaƙa wa iyali. Ɗan marigayin, Injiniya Muath, ya shigar da mu, 'yar'uwarsa Malama Lama tana tsaye bakin ƙofa, Hajiya kuma ta yi mana magana daga bayan labule saboda takaba. Ta kira sunana, ni kakakin ƙungiya, ta ce: “Zaharaddeen, wa ya aike ku da mota?” Muka fara bayani, ta katse mu. Ta ce: “Da shi nake faɗana, ba da kayan ba. Tun ranar Litinin ba wanda ya yi dariya a gidan nan, kuma ni ba zan iya zama a haka ba. Ku mayar da kwalayenku. Juma'a ku buɗe ƙofa, yara su hau.” Muka dubi Muath, sai Malama Lama ta dube ni ta ce da Hausarta ta haihuwar Jidda: “Ya Ammi, baffana, Mama ta gama magana, halas. Mu duka mun yarda, waƙafi ne.”

Saboda haka muna sanar da cewa magadan Alhaji Ubale sun mayar da taskar waƙafi da sunansa, za ta ci gaba da zama inda take, kuma Majalisar Dattawa ta roƙi Hajiya Rabi'a ta riƙe mabuɗinta, ta kuwa amsa. Ƙofa za ta buɗe wannan Juma'a bayan la'asar kamar yadda aka saba. Muna roƙon iyaye su zo da 'ya'yansu, kada kuma su tsawata musu idan sun yi hayaniya, domin mai gidan ce ta nema.

A madadin ƙungiya baki ɗaya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Hajiya Rabi'a, da Injiniya Muath, da Malama Lama, da jikoki, da 'yan uwansa na Maiwurno, da abokiyar gwagwarmayarsa Hajiya Salamatou. Allah Ya jiƙan Kawu Ubale, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sanya farin cikin da ya shigar a zukatan 'ya'yan mutane a ma'aunin ayyukansa na alheri. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri da ƙarfin zuciya, Ya albarkaci bayansa, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.

Sa hannu:
Malam Zaharaddeen Mus'ab
Kakakin Ƙungiyar Masoya Wasan Sirk da Dabo ta Hausawan Jidda
Bani Malik, Jidda